Jika 400 ne a hannuna: baki ɗaya, baki biyu, ko mai ɗura kanta?

Ɗan Ader

Assalamu alaikum. Ina Tawa, kuma ina neman shawarar waɗanda suka san harkar bindigar farauta. Na tara jika 400, ba ni da halin ƙara ko dala a kai. Abin da nake nufi da ita zabin daji ne da fakara da zomo idan an buɗe farauta, sai kuma agwagin ruwa wajen tabkin Tabalak lokacin sanyi.

Uku aka kawo mini maganarsu. Sabuwar Baikal baki ɗaya, kalibar 12. Tsohuwar baki biyu ƙirar Faransa da wani ya gada wajen mahaifinsa. Sai wata ta Turkiyya mai cin harsashi da yawa, wadda aka ce ita ke ɗura kanta bayan kowane harbi. Wani kuma ya ce in bar wahalar da kaina, in je wurin maƙeri ya ƙera mini da kuɗin rago guda. Ban taɓa mallakar bindiga ba. Wace ce za ta fisshe ni? Kuma ko za ta yi mini maganin jan baki a gonar gero?

Tsohon Gandun Daji

Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka kamo lissafin ta wutsiya. Jika 400 ɗin nan ba kuɗin bindiga ba ne, kuɗin farauta ne, bindiga kuwa kashi ɗaya ce a ciki.

Takarda biyu kake bukata, kuma daga ofis biyu dabam. Ta farko izinin mallakar makamin, wannan hurumin ma'aikatar cikin gida ne. Tun 1963 akwai dokar da ta tsara shigo da makamai, riƙe su, sayar da su da miƙa su daga hannu zuwa hannu a Nijar. Ka fara da ofishin perfe ko na gwamna, su gaya maka abin da dosiyen ke ci a yau. Ka tanadi takardar roƙo mai tambur, takardar ɗan ƙasa, kaziye daga kotu, wato takardar da ke nuna ko an taɓa yanke maka hukunci, da hotuna, kuma ka sa ran za a yi binciken halinka. Izini ake fara samu, sannan a saya. Wanda ya juya tsarin, ya saya tukuna yana cewa zai gyara takarda daga baya, to tun ranar da ƙarfen ya kwana a ɗakinsa mai laifi ne.

Ta biyu permin farauta, wajen jami'an gandun daji. Dokar ita ce mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998. Abin da ka lissafa duka ƙaramar farauta ce, ita za ka nema. Minista ke buɗe lokacin farauta ya kuma rufe shi, saboda haka kowace shekara ka je ka tambaya, kada ka ce ai bara a wata kaza aka buɗe. Dokar ta hana farautar dare, ko da fitila ko babu, ta hana harbi daga kan mota ko babur, ta hana guba da cinna wa daji wuta, ta hana makaman yaƙi. Raƙumin dawa, giwa, jimina da irinsu kuwa ko kallon banza kada ka yi musu.

Ta gadon nan: izinin da mamacin ya samu nasa ne, bai bi bindigar ya sauka kan ɗansa ba, balle kai. Sai an fito da tsohuwar takardar, lambar da ke jikinta ta yi daidai da wadda ke jikin ƙarfen harafi da harafi, sannan hukuma ta amince da sauyin hannu. In aka ce maka takardar ta ɓata, ko ka ga an goge lamba da magagari, ka yi sallama ka tashi.

Ka kuma duba zamanin da muke ciki. Tun watan Maris na 2017 aka kafa dokar ta-ɓaci a Tassara da Tillia nan jihar Tawa, kuma shingen jami'an tsaro ko'ina yake a hanya. Mutumin da aka tsayar da doguwar bindiga mai baki ɗaya, a buɗe, babu harsashi ciki, cikin jakarta, takardunsa a aljihu, maganarsa gajera ce. Wanda aka gani da baƙar bindiga mai kama da ta soja, ko da takarda, zai sha tambaya.

Rabon kuɗin a ganina: kada bindigar ta ci fiye da kashi biyu cikin uku, wato jika 260 zuwa 270. Ragowar 130 zuwa 140 na takardu ne, da harsashi, da sandar wanke bututu da mai, da akwatin ƙarfe mai kwaɗo. Kafin ka tambayi kuɗin bindiga, fara tambayar kuɗin kwalin harsashi mai guda 25, ka ninka huɗu. Guda 100 su ne shekararka ta farko, kuma kwalin farko ba nama zai kawo ba, koyo zai tafi. In bayan ka cire wannan abin da ya rage bai kai kuɗin wadda kake so ba, to ba taka ba ce bana.

Mai Gyaran Bindiga

Malam Ɗan Ader, abin da baba ya faɗa shi ne tushe. Ni ƙarfen zan taɓa.

Mu fara kawar da ta maƙeri. Ba rashin gwaninta ba ne, wasu maƙeran hannunsu abin mamaki ne. Bututun ne matsalar. Harsashin kalibar 12 na zamani in ya tashi, matsin da yake yi a ɗakin harsashi yana iya kaiwa bar 740. Tayar ƙaramar mota bar biyu da ɗan wani abu take ɗauka, kai ka auna. Ta masana'anta sai an gwada ta da harsashin da ya fi wannan ƙarfi, sannan a buga mata hatimi a ƙarƙashin bututu. Ta maƙeri ba wanda ya gwada, kuma ƙarfen tun asali ba don wuta aka narka shi ba. Tana iya yin shekara tana harbi lafiya, rana ɗaya ta tsage, kuma inda take tsagewa nan ne hannun hagu yake riƙe.

Mai ɗura kanta kuwa ba ta mutumin da ke ƙidaya jikarsa ba ce. Yawancinsu da hayaƙin albarushi suke aiki: akwai ƴan ƙananan huji a cikin bututu, hayaƙin ya bi ta nan ya tura wani zobe baya, ya fidda kwanson da aka harba, resor, wato naɗaɗɗiyar wayar ƙarfe mai tsalle, ya turo sabo. Ka haɗa baƙin hayaƙi da mai da ƙurar hunturu ta Ader, ka samu kwaɓi kamar na gyaran tukunya. Sai ta fara maƙale kwanso a baki. Akwai ɗan zoben roba a wurin da zafi ke busarwa, in ya tsinke ba za ka same shi a kasuwar Tawa ba. Harsashi mara nauyi, kamar mai giram 28, wani lokaci ba ya da ƙarfin juya ta. Turkiyya na yin bindigogi masu kyau, Huglu da Hatsan sunaye ne sanannu, amma akwai tarin marasa suna masu sheƙi a waje da laushin ƙarfe a ciki, kuma su ne ke zuwa da arha. Abin da ya fi damuna ma ba wannan ba ne. Bayan kowane harbi akwai wani harsashin zaune a ɗaki, a ɗane. Sabon hannu ya harba, zabo ya faɗi, ya juya da murna wajen abokinsa, yatsa na kan kunama.

Baikal baki ɗaya: a birnin Ijebsk na Rasha ake yin ta. Tsohon sunanta IZH-18, tun 1964 ake ƙera ta, yanzu MP-18 ake rubutawa. Nauyinta wajen kilo 2.8. Cikin bututun an shafe shi da kurom, shi ya sa tsatsa ba ta saurin kama shi. Ana buɗe ta da wani maɓalli a bayan zoben kunama, kuma akwai ɗan tsinke da ke leƙowa a sama ya nuna maka a ɗane take. Kayan cikinta ba su da yawa, abin da kan lalace allurar da ke sarar gindin harsashi ce ko resor, duka biyun ana sakewa. Aibinta: aikinta ba sumul ba ne, kunamarta na da tauri, kuma da yake ba ta da nauyi tana dukan kafaɗa. Tsofaffin maƙeran Ingila na da ƙa'ida cewa bindiga ta ninka nauyin darmar da take harbawa sau 96. A wannan lissafi, mai kilo 2.8 darmar giram 29 zuwa 30 ce daidai da ita. Giram 32 za ka jure. Giram 36 kuwa za ta koya maka runtse ido kafin ka ja kunama, kuma wannan ɗabi'a in ta kama mutum wuyar saki gare ta.

Ka tabbatar ta gaske ce, don ana kwaikwayon siffarta. Cire katakon gaba ka duba ƙasan bututu: za ka ga lamba, hatimin gwaji, da rubutu kamar 12/70 ko 12/76. Lambar da ke bututu ta zama ɗaya da ta uwar bindigar.

Rubutun nan ka fahimce shi da kyau. 12 faɗin bututu ne, wajen milimita 18.5. Lamba ta biyu tsawon ɗakin harsashi ne, kuma da kwanson da aka riga aka harba, bakinsa a buɗe, ake auna shi. Harsashin da ba a harba ba bakinsa a naɗe yake, ya fi gajarta, saboda haka na 76 zai shiga ɗakin 70 lafiya lau, bindiga ta rufe. Sai an harba, bakin kwanson ya rasa inda zai buɗe, matsi ya hau. Gajere a dogon ɗaki ba laifi. Dogo a gajeren ɗaki, a'a. Kuma kada harsashin kalibar 20 ya taɓa kwana a aljihu ɗaya da na 12: yana zamewa ya shige cikin bututu ya tsaya, ka ga ɗaki wayam ka ɗora na 12 a bayansa.

Sai matsin baki, wanda masu shagon makamai ke kira shok. Ƙarshen bututu ana ɗan tsuke shi don darma ta tafi a dunƙule. Rabin matsi wajen milimita 0.5 ne, cikakke wajen milimita 1. Ga zabo da fakara da zomo, rabi ya fi, don cikakke a mita 15 ko dai ka kuskure ko ka dagargaza naman. Kada ka yarda da bakin mai sayarwa, ka gwada. Samo kwali mai faɗin mita ɗaya, ka kafa shi a inda tudun ƙasa ke bayansa, ka auna mita 35, ka harba tsakiya da lamba 6 mai giram 32. Wannan harsashi ƙwayarsa wajen 260 ce. Ka ɗaure fensir da zare mai santimita 37 da rabi, ka zana da'ira a inda hujin ya fi yawa, ka ƙidaya. Wajen 155 a ciki, rabin matsi ne. Wajen 180, cikakke ne. Ka kuma lura ko taron hujin ya karkata sama, ƙasa ko gefe, da ko akwai fili a tsakani da fakara za ta bi ta wuce. Ka yi sau uku, harbi ɗaya ba shaida ba ne.

Ta Faransa ba zan yanke mata hukunci ban gani ba. In za ka je dubawa, buɗe ta tukuna ka ga babu komai ciki. Ɗaga bututun wajen haske: ka ga zobba a jere, zagayayyu. Inda zobe ya karkace akwai lotsawa ko kumburi. Baƙaƙen ɗigo da ba sa gogewa ramukan tsatsa ne. Cire katakon gaba, rufe bindigar, riƙe ta ta gindi ka girgiza: in ka ji ƙwas-ƙwas, maɗaurin ya cinye. Sa takarda siririya tsakanin bututu da uwar bindiga ka rufe, in ta zaro ba tare da ta yage ba akwai gibi. Raba bututun biyu da uwar, ka rataye su a yatsa, ka ƙwanƙwasa da farce ko ɗan itace. Lafiyayyu ƙara suke kamar ƙararrawa. In ka ji bif kamar tsohuwar tasa, dalmar da ta haɗa su ta saki. Maɓallin buɗewa na sama, in sabo ne yana ɗan karkata dama, in ya wuce tsakiya ya koma hagu ya sha aiki. Duba wuyan katako daidai bayan ƙarfe, nan yake tsagewa, kuma in itacen ya yi baƙi ya yi laushi mai ya jiƙa shi. Daga ƙarshe ka ɗana ta babu harsashi, ka sa makullin da ke kulle kunama, ka ja kunama, ka buga gindin a kan tabarma. In ta saki, an gama magana.

Maharbin Tabki

Gaisuwa ga manya. Ni dai ban yarda da mai gyara ɗari bisa ɗari ba, saboda ɗan'uwanmu ya ambaci Tabalak.

Zabo a ƙasa kake samunsa ko yana tashi kusa, harbi ɗaya ya isa. Agwagwa ba haka take ba. Kirinjijiya garke take zuwa, da sassafe ko gab da magariba, kuma sau da yawa harbin farko jikkata ta yake, ta faɗa ruwa tana iyo. Kafin ka buɗe baki ɗaya, ka zare kwanso, ka sa wani, ta shige ciyawa ta mutu a banza. Nan baki biyu ke da rana, kuma ba don yawan harbi kawai ba. Bututun biyu matsinsu dabam ne, ɗaya rabi ɗaya cikakke, ga kunama biyu. Na kusa ka ja ta gaba, na nesa ka ja ta baya. Kana iya sa lamba 6 a ɗaya, lamba 4 a ɗaya. Baikal ɗin ma na da su: IZH-43 mai baki gefe da gefe, da IZH-27 mai ɗaya bisa ɗaya, wadda ake yi tun 1973. Sun haura kilo uku, saboda haka dukansu a kafaɗa da sauƙi. In da so samu ne, da na ce ka ƙara haƙurin shekara guda ka tara. Amma ka ce ko dala ba za ta ƙaru ba, to shike nan, baki ɗaya mai lafiya ta fi baki biyu mai girgiɗi. Sai ka rage buri: tsuntsu ɗaya ka zaɓa cikin garke, kusa, harsashi na biyu na tsakanin yatsun hannun hagu.

Lambobin darma a lissafin Faransa, wanda shi ne a yawancin kwalayen da ke zuwa mana: lamba na hawa, ƙwaya na ƙanƙancewa, kowane mataki rubu'in milimita. Lamba 8 milimita 2.25, ta kurciya da hasbiya. Lamba 6 milimita 2.75, ta fakara da ƙananan agwagi. Lamba 4 milimita 3.25, ta zabo da zomo da kirinjijiya daga ɗan nesa, ƙwaya wajen 160 a giram 32. Lamba 2 milimita 3.75, ta dinya, don gashinta kamar sulke yake. Cikin kwali huɗun da baba ya ce, ka ɗauki lamba 6 biyu, lamba 4 biyu. Manyan ƙwayoyi da harsashi mai ƙwaya guda ba su da aiki a abin da ka lissafa.

Iyakarka mita 35, in ta yi yawa 40. Bayan nan rauni kawai kake rabawa. Ka auna mita 35 a filin gida ka kafa galan, ka riƙa kallonsa har idonka ya san tazarar. Tsuntsu mai gilmawa kuwa ba a saita jikinsa. Darma na ɗaukar wajen kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa kafin ta kai mita 30, agwagwa ta riga ta yi gaba da mita ɗaya da rabi ko biyu. Ka biyo ta daga baya, ka wuce bakinta, ka ja kunama hannunka na ci gaba da tafiya. Wanda ya tsayar da hannu wutsiya yake harbi.

Tabalak ba daji ba ne wayam. Akwai masunta, akwai masu lambu a gefe, akwai makiyaya masu shayar da dabbobi. Lamba 6 ba ta kashe agwagwa a mita 60, amma tana tafiya har wajen mita 250, kuma ido ba ya bukatar ƙarfi. Darma na tsalle a kan ruwa kamar dutsen da yara ke jifa. Kada ka harba a kwance saitin ɗaya gaɓar. Tabkin kuma tun 2005 yana cikin jerin Ramsar na dausayin da duniya ta san da su, saboda haka ka bi ta ofishin gandun daji su faɗa maka inda aka yarda da inda aka hana. Gauraka da shamuwa ba nama ba ne. Wuƙa mai kaifi a kugu, ka yi bisimilla kafin ka harba, wanda ka tarar da rai ka yanka nan take. In an zo gyara a tsince darmar, a yanke naman da ke kewaye da hujin, musamman in yara za su ci.

Baban Gona

Maganar jan baki ba wanda ya taɓa. Ɗana, kak ka ɓata harsashinka. Tsuntsun wanga dubbai yake sauka, ka harba ka kashe goma, sauran su tashi su sauka bayanka, kuɗin harsashin ya fi geron da goman nan za su ci. Igiya da gwangwani da yara masu kuwwa sun fi bindiga, in kuma abin ya yi yawa ka gano inda suke kwana ka kai rahoto ga ma'aikatan kare tsirrai.

Ajiya kuma, tunda ita ke kashe bindiga a ƙasar ga, ba harbi ba. Duk ranar da ka harba ka wanke bututu a ranar: tsumma a sanda daga wajen gindi zuwa baki, har ya fito fari, sannan mai kaɗan, shafawa kawai. Ban da man gyaɗa, yana daskarewa ya yi danƙo. Ban da baƙin man mota. Da rani ka rage mai a waje, don shi ke kama rairayi. Da damina kada ta kwana cikin jakar fata, fata na riƙe laima. Ka jingine ta baki ƙasa bisa ɗan katako, don mai kada ya gangara cikin itace, kuma kada gindin ya taɓa bangon laka saboda gara.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne zanzaro. Bindigar da ta yi wata uku rataye, zanzaro na shiga bututun ya gina ɗakinsa na laka. Toshewa kaɗan ta isa ta kumbura bututu ko ta fasa shi. Haka in baki ya caki ƙasa lokacin da kake rarrafen zabo. Duk sanda za ka sa harsashi, leƙa tukuna ka ga haske a ɗaya ƙarshen. Harsashi kuma kada ya wuni cikin mota a watan Afrilu da Mayu, kuma ba a ajiye shi akwati ɗaya da bindiga. Makulli biyu, duka a jikinka, ba ƙarƙashin matashi ba inda yara suka sani.

Ɗan Ader

Allah ya saka muku da alheri. Na je na duba ta Faransa yadda malam ya ce. An rubuta Robust da Saint-Etienne a jiki. Ƙarƙashin bututu na ga 16 da kuma 65. Da na ƙwanƙwasa ƙarar tana da kyau, cikin bututun dama akwai ɗigo-ɗigo kusa da gindi, maɓallin sama ya ɗan wuce tsakiya zuwa hagu, kuma da na cire katakon gaba na ji motsi kaɗan. Mai ita ya ce zai nemo takardar mahaifin nasa, kuma zai rage mini sosai. In saya in gyara?

Mai Gyaran Bindiga

Robust bindiga ce mai asali. Kamfanin Manufrance ya fito da ita a 1913, ita da ƴar'uwarta Simplex mai baki ɗaya sun cika ƙasashen nan tun zamanin Turawa, kuma tsofaffi ba su yi ƙarya ba da suke yabonta. Amma wannan da ka gani ba taka ba ce, kuma lambobin nan biyu sun isa hujja ko da babu sauran.

16 na nufin kalibar 16, bututu wajen milimita 16.8. Harsashin 12 ba zai shiga ba, kuma 12 shi ne wanda ake samu. 65 kuwa tsohon gajeren ɗaki ne. Yawancin harsashin 16 na yanzu 70 ne, zai shiga, za ta rufe, kuma shi ne tarkon da na faɗa maka, a kan bututun da tsatsa ta riga ta ci daidai wurin da matsi ya fi yawa. Kana bukatar 16/65 ko 16/67, kuma ranar da ka rasa su za ka ce bari in gwada wannan sau ɗaya. Wani zai ce a ƙara zurfin ɗakin zuwa 70. Wannan cire ƙarfe ne daga inda ake bukatarsa, kuma bayan an yi sai an mai da ita gidan gwaji an sake buga hatimi. Motsin da ka ji ana gyara shi da sake ƙusar maɗauri, ba da dukan guduma ba kamar yadda wasu ke yi, wanda bayan kwali ɗaya yake komawa gidan jiya. In ka haɗa kuɗin gyaran gaskiya da na harsashi mai wuyar samu, rangwamen ya tafi. Ka bar wa magajin abinsa.

Ka kai dosiyenka. In izini ya fito, ka sayi Baikal ɗin wajen mai shagon da hukuma ta sani, ya ba ka resi mai ɗauke da lambar bindigar. In akwai zaɓi, ɗauki mai bututun santimita 71 zuwa 73, rabin matsi, ko mai bakin da ake kwancewa a sauya in kuɗin ya kai. Ɗakin 76 ba laifi, amma 70 za ka riƙa sawa.

Kafin ka biya, gwada ta a jikinka da rigar da za ka shiga daji da ita. Sa gindin a lanƙwasar gwiwar hannu, gaɓar farko ta manuniya ta kai kan kunama ba tare da ka miƙe ba. Rufe ido, ɗora ta a kafaɗa, kunci a kan katako, buɗe ido: ka ga ɗan ƙwallon saiti zaune a tsakiya. In gindin ya yi gajere, babban yatsanka zai riƙa dukan hancinka, sai ka sa takalmin roba a gindin, yana ƙara santimita biyu ko uku ya kuma rage duka. Ka gane idon da ke jagora: nuna wani abu da yatsa idanu biyu a buɗe, rufe na hagu. In yatsan bai gusa ba, kafaɗar dama ce taka. In ya yi tsalle gefe, idon hagu ne mai mulki, to tun ranar farko ka koya a kafaɗar hagu. Ka kuma roƙi mai shagon allura guda da resor guda na ajiya, ka naɗe su a tsumma mai ɗan mai ka sa a akwatin.